Jan Dutse Mai Sawun Zabuwa

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da fuskokin mutanen da na ɗauka hoto, waɗanda Allah kaɗai ya san yawansu. Amma ranar da yayata ta shigo shagona a Birnin Konni, ƙafafunta fururu da ƙura, tana cigiyar wani jan dutse, wannan kam ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina.

A shekarun farin nan ne na farkon saba'in, lokacin da sama ta ƙi mu, gero ya bushe tun yana tsaye. Ni mai hoto ne, shagona ɗan ƙarami a kusa da tasha. Aikina hoton katin ɗan ƙasa, da na 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, da na sojoji masu son aika wa iyayensu su ga kaki. To da yunwa ta shigo, wa zai zo ya tsaya yana murmushi a gaban akwatina? Sai in wuni ina korar ƙuda.

Ana cikin haka aka turo wani ma'aikaci daga can yamma, mai duba ƙasa ya nuna inda za a haƙa rijiya. Mushe muke ce masa, yadda ake kiran babban mutum da Faransanci. Hausarsa a karye take, amma mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ciwonsa ɗaya, duwatsu. Duk inda aiki ya kai shi, daga tuddan Malbaza har wajen Illela, sai ya dawo aljihu cike da tsakuwa kamar yaro. A bayan gidansa ya ɗora wani tsohon gwangwanin fenti a kan ƙarafa biyu, ɗan inji yana juya shi. Sai ya farfasa dutse da guduma, ya zuba a ciki da ruwa da wani gari mai kaushi, ya bar shi yana ta gurnani makonni. Maƙwabta har sun gaji da ƙorafi. Amma in ya buɗe ya wanke, kai! Tsakuwar da akuya ke takawa sai ta fito tana sheƙi, ka rantse daga wuyan amarya aka ciro ta.

Ni ya ɗauka in riƙa yi wa duwatsun hoto, kafin a fasa da kuma bayan an goge, don yana aika wa wani abokinsa masani ya tabbatar masa da sunayensu. Nakan shimfiɗa baƙin ƙyalle a inuwa, in jiƙa dutsen da ruwa don zanensa ya fito, in ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girmansa. Shi ya koya mini rarrabewa. Ka ɗaga dutse ga rana: in haske ya ratsa gefensa kamar zuma, shi ne agat, wanda matanmu suka daɗe da sani da sunan tsakiya. In kuma ya toshe hasken, ja wur kamar hanta, wuƙa ma ba ta yi masa tabo, to shi ne jasfe. Ina jin daɗin aikin nan, ba na ɓoyewa. A shekarar da ba a ganin komai sai ƙashin shanu a bakin hanya, samun abu mai kyau da za ka zuba wa ido ba ƙaramin abu ba ne.

Mushe mai tausayi ne, sai ya ce duk wanda ya kawo masa dutse mai kyau zai auna masa tiyar dawa. Ai kuwa magana ta bazu ƙauyuka. Kullum ka ga mutane a ƙofar gidansa da buhunan tsakuwa, idanu sun faɗa. In ya tambaya ina aka samo, amsa ɗaya ce: “Daji, Mushe.” Shi bai matsa ba, ni ma ban taɓa kawo komai a raina ba.

Yanzu bari in koma ga yayata. Tana aure a wani ƙauye ta wajen Dogarawa. Ɗiyarta ta fari, yarinya mai wayo da ta fara ɗaukar ƙaramin tulu, ƙyanda ta kama ta a kan yunwa, ba ta yi mako ba ta cika. Kun san kunyar ɗan fari a wurinmu. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya rasu ma ba a son a ga hawayenta. Tun da aka haifi yarinyar ban taɓa jin sunanta a bakin yayata ba, sai dai “yarinyar nan”. Kuma mata ba su bin gawa, ba su shiga maƙabarta. Da za a fita da ita, sai yayata ta miƙa wa mijinta wani jan dutse kamar dunƙulen hannu, wanda yarinyar ta tsinto a tudu tana wasa da shi, ta ce ya ɗora mata a kan kabarinta. Bayan haka dabbobinsa suka ƙare, ya tsallaka Najeriya cin rani, shiru kake ji har yau.

Hanyar itace ta bi ta gefen maƙabartar. Kullum in za ta daji sai ta ɗan tsaya gindin wata aduwa kamar mai gyara gammo, ta hango jan nan daga nesa, ta yi addu'arta a zuci, ta wuce. Ba wanda ya san tana yi. Ni ma sai ranar na sani.

Da hantsi ta iso, a ƙasa ta tako. Na ba ta ruwa, ta riƙe kwanon ba ta sha ba.

“Auta, an ce kai ka yi ma mai rijiyan ga hoton duwatsu.”

“Awo, Yaya. Lahiya dai?”

“An ɗauke shi.”

“An ɗauke mi?”

“Dutsen yarinyar nan.”

Nan ta ba ni labarin aduwar, tana magana tana kallon ƙasa, don ko a gabana kunya take ji. Ta ce ta daɗe da ganin babu shi, ta yi ta haƙuri ko ƙura ce ta rufe, har ta kasa. Ina da wani kwali da nake tara hotunan da suka ɗan lalace a wanki, sai na juye su duka a kan tabarma. Na ce mata, “Yaya, hoton ga baƙi da fari ne, ba ya nuna ja.” Ta ce ba ja take nema ba. Ta durƙusa tana ture su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, matar da ko hoton kanta ba ta taɓa gani ba. Can sai yatsan ya tsaya.

“Wanga shi ne.”

Na duba. Dutse ne mai duhu, ga kwalin ashanata a gefensa, a tsakiyarsa wani farin zane ya rabu kamar sawun zabuwa. Na tuna shi sarai. Na tuna yadda Mushe ya yi ta murna da shi, yana cewa bai taɓa samun jasfe mai kyansa ba. Wanda ya kawo shi kuwa ban tuna ba, mutum ne cikin mutane, da buhu a kafaɗa. Amma na san abin da ke biyo bayan hotona. Guduma ce.

Na kasa faɗa mata. Muka kama hanyar gidan Mushe, tun daga lungu muna jin gwangwanin nan yana gurnani. Na ja Mushe gefe na yi masa bayani da guntun Faransancina. Wallahi na ga mutum ya tsufa a tsaye. Ya je ya kashe injin da kansa, unguwa ta yi tsit. Ya buɗe murfin, ya juye a cikin kwarya, wani ruwa mai kauri kamar kunun toka ya malalo. Ya shiga wankewa. Sai ga su sun fito, 'yan jajaye kamar dabino, sumul, suna walƙiya a rana. Kyau kam sun yi kyau, kuma ban taɓa jin na tsani abu mai kyau ba sai ran nan.

Muka shimfiɗa baƙin ƙyallena, muka ajiye hoton a gefe, muna tsince masu farin zane. Wannan yana ɗauke da yatsa ɗaya na sawun, wancan da ɗan guntun wani. Ba su ma haɗuwa, don gugar ta cinye bakunansu. Mushe ya durƙusa a gaban yayata, babban ma'aikaci da shi, yana cewa, “Madam, ni ba sani. Wallahi ni ba sani.” Ba ta ɗaga kai ba. Ta ɗauki guda ɗaya ta juya shi a tafin hannunta, sannan ta ce, “Wanda ya ɗauko, Allah ya sa ɗiyansa sun ci tuwon.” Ni da nake tafasa ina neman wanda zan zaga, sai na haɗiye zagin.

Don in sanyaya mata rai na ce, “To alhamdu lillahi, Yaya, ko ba komi mun same shi. Gobe sai mu maida.”

Ta dube ni, irin kallon da take yi mini tun ina yaro in na yi wauta. “Mu maida shi ina, Auta?”

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Ni duk tunanina yana kan dutse, ita kuwa wurin kabarin ta rasa.

Washegari Mushe ya kai mu a motar aikinsa. Na samu liman da dattawan da suka yi jana'izar, muka shiga maƙabarta, yayata ta tsaya a hanya gindin aduwarta, wasu mata a bayanta. Ban taɓa ganin abin da ya karya mini zuciya kamar ɓangaren yaran nan ba. A shekara ɗaya ya ci fili kamar gona. 'Yan tuddai ƙanana a jere, iska ta share su, ɗan ruwan da aka yi sau ɗaya ya daidaita saura, itacen da aka kafa gara ta cinye. Ba namu kaɗai aka ɗauke ba, ko'ina ka duba duwatsu masu launi sun tafi. Wani dattijo ya ce nan ne. Wani ya ce a'a, nan ɗan wane ne, shi ya sa shi da hannunsa. Wanda ya haƙa kabarin ya duba nan, ya duba can, sannan ya ce, “Ku gafarce ni. A watan nan ba ranar da ban haƙa ba.” Liman ya ce Allah ya san makwancin kowa, addu'a kuma ba ta ɓata hanya. Gaskiya ya faɗa, kowa ya san gaskiya ce. Amma ni ne zan fita in kalli idon yayata.

Na ɗaga murya na ce, “Yaya, daga inda kike, nuna mini da hannu!” Ta ɗaga hannu da sauri, kamar mai tabbaci. Hannun ya tsaya, ya ɗan karkata dama, ya dawo hagu, ya yi ta yawo a iska. Duk tsawon lokacin nan jan take kallo, ba ta taɓa lura da abin da ke gefensa ba. A hankali hannun ya sauka.

Sai ta buɗe baki ta kira sunan yarinyar. Da ƙarfi, a gaban liman, a gaban dattawan gidan mijinta, irin kiran da uwa ke yi wa ɗa in magariba ta yi bai dawo ba. Sunan da ta riƙe a bakinta tun ranar suna. Matan da ke bayanta suka rufe baki da gyale. Ta sake kira, ta sake, har muryarta ta dushe. Na ga liman ya juya baya yana share ido da hannun riga.

Na fito na miƙa mata 'yan duwatsun a ƙulle cikin ƙyalle. Ta ture hannuna.

“Koma ka watsa su. Watsa ko'ina. Wataƙila guda ya faɗa kanta.”

Haka na yi. Na bi ɓangaren yaran nan ina watsa su kamar mai shuka, ina kuka kamar ba namiji ba, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mushe bai sake tada injin nan ba. Dawar da ta rage ya rabar da ita ba tare da karɓar ko tsakuwa ɗaya ba, kafin shekara ta zagayo aka ɗauke shi daga Konni. Hoton kuwa yayata ta karɓa. Bayan rasuwarta aka same shi a ƙasan kwallarta, naɗe a tsumma, ya yi laushi saboda taɓawa.

Na ci gaba da hoto shekaru masu yawa bayan wannan, kuma har yau in ka miƙo mini dutse zan ɗaga shi ga rana in faɗa maka ko tsakiya ce ko jasfe. Amma abin da ranar nan ta koya mini ya fi wannan nauyi. Mu biyu, ni da Mushe, mun auna dutsen, mun jiƙa shi, mun san sunansa har da na Faransanci, ba wanda ya tsaya ya tambaya da gaske daga ina aka ɗauko shi. Tun daga lokacin, in na ga abu a yashe, kome ƙanƙantarsa, ba na cewa ba shi da mai shi. Sai in ja hannuna in bar shi inda yake, don ban sani ba ko akwai wadda ke tsaye gindin aduwa tana hango shi.