Jakar Harsashin Manjo

Manjo bai taɓa shiga soja ba, kuma yayarsa ta fi kowa sanin haka, don ita ta wanke masa kayan da ya sa ya je gwajin ɗaukar aiki har sau biyu. Karon farko an duba tafin ƙafarsa aka ce ya koma gida. Karo na biyu ya zube a gudun farko, aka kwaso shi ana yi masa fifita da kwali. Sunan Manjo shi ya raɗa wa kansa bayan ya buɗe shagon kayan sojoji na gwanjo, mutane kuma suka karɓa don su samu abin dariya. Shi dai ya ɗauka girmamawa ce.

Shagon ɗaki biyu ne. A gaba Manjo ke zama cikin takalman da suka yi masa yawa, kewaye da bel-bel, gorunan ruwa da jakunkuna masu warin daɗewa a sito. A baya Yaya ke zaune da kekenta na ɗinkin tamfol, ita ke gyara duk abin da ya zo a yage. Shekara ashirin da wani abu suna haka, shi da baki, ita da allura.

Abin da ya fi tafiya a shagon shi ne 'yar jakar da soja ke ɗaurawa a ƙugu ya zura gidan harsashin bindigarsa. Ba masu bindiga ke saye ba. Mai gyaran wuta ya zuba filaya da sukudireba, masunci ya zuba ƙugiyoyi. Amma ba wanda zai fita da ita sai ya sha lacca.

"Wannan da kake gani," in ji Manjo, yana juya ta a hannu, "wanda ya zana ta bai san aikinsa ba. Dubi murfin, maɓalli ɗaya tak. Dubi gindin, huji! Sabuwar jaka da huji. Mu da muka san fagen fama ba ma yarda da wannan."

Yaya takan ji ta cikin labule, ta ƙara taka keke don ya rufe muryar. Ta farke irin waɗannan jakunkuna sun fi a ƙirga, ta san su ciki da bai. Ta ga inda aka ninka ɗinki sau uku a kusurwa, inda ƙarfe ke goga. Ta ga yadda aka bar wa murfin dogon harshe mai kauri, wanda ko da safar hannu za ka kama. Ba ta san wanda ya zana ba, amma ta san ya yi tunani, abin da ba ta taɓa kama ƙanenta yana yi ba.

Wata safiya ya shigo ɗakin bayan da takarda a hannu, yana tafiya kamar mai duba fareti.

"Yaya, na gyara musu kuskurensu."

Ta sa tabarau ta duba. Ya toshe hujin. Ya sa zif a baki, ya ɗora murfi a kan zif ɗin, ya jera maɓalli uku a kan murfin, sannan ya zagaye duka da maɗauri mai ƙarfe. A ciki kuma ya ce a shimfiɗa yadi mai laushi.

"Yadin na mene ne?"

"Kada harsashi ya ƙuje."

"Amarya ce za a kwantar?" in ji Yaya. "Kai, wannan ai akwati ka zana. Wanda ake harbi zai tsaya ɓalle maɓalli uku?"

"Ke ɗinki kika sani. Harkar tsaro ki bar wa masu ita."

Ta so ta ƙi, amma ta san halinsa tun yana rarrafe: in ba a bar shi ya taɓa wuta ba, ba ya yarda tana da zafi. Ta ɗinka masa guda arba'in, ɗinki mai kyau kuwa, don ba ta iya yin mummuna ko da gangan.

Manjo ya bi ta kan wani abokinsa har ya samu shugaban wani kamfanin masu gadi ya yarda zai zo ya gani. Ranar ya goge takalma, ya sa hula mai baje da ba wanda ya san na wace runduna ne. Shugaban ya zo da wani dattijo siriri mai horar da masu gadinsa, wanda ake kira Saje. Shi wannan ya yi sojan gaske, yatsu biyu na hannunsa na hagu ma can ya baro su.

Manjo ya yi bayani na kusan rabin awa. Da aka gama, Saje ya ciro guntun katako da aka sassaƙa daidai girman gidan harsashi, ya zura a sabuwar jakar, ya rufe komai, ya miƙa wa Manjo.

"Ɗaura a ƙugunka, ranka ya daɗe. Kwanta rub da ciki. Riƙe wannan tsintsiyar da hannun dama, ita ce bindigarka. To, ciro min katakon da hagu. Kada ka duba."

Manjo ya kwanta a simintin shagonsa, tumbinsa ya danne jakar. Ya laluba ya samu maɗaurin, ya ja, ya ƙara tsukewa. Ya ɓalle maɓalli ɗaya, na biyu ya ƙi. Ya saki tsintsiyar.

"An kashe ka," in ji Saje a hankali. "Sake."

A karo na uku ya kai ga zif, zif ya cije yadin nan mai laushi ya tsaya cak. Hular ta gangara ƙarƙashin kanta. Maƙwabtan shago sun taru a ƙofa, mai gyaran wuta har da riƙe ciki. Yaya ta ɗaga labule tana kallo, kunya da haushi suna cinta, don duk wautarsa ɗan uwarta ne ke birgima a ƙasa.

Saje ya ɗauko tsohuwar jaka daga tarin, ya mayar da katakon cikinta, ya ɗaura, ya fizgi harshen da yatsunsa uku, katakon ya faɗo a tafinsa kafin mutum ya ƙifta ido. Sannan ya tsiyaya ruwan gora a cikin ta Manjo, ruwan ya kwanta.

"Hujin nan na ruwa da yashi ne. In ka tsallaka rafi da taka, sai dai ka yi kiwon kifi." Ya juya jakar yana duba ɗinkin. "Wa ya ɗinka?"

"Ni ce," in ji Yaya.

"Hannunki na da kyau, Baba. Muna da tsofaffi da yawa da ke son gyara, zan aiko miki."

Ya aiko kuwa, kuma har yau ita ke yi musu. Bayan kwana uku Manjo ya fara gaya wa masu saye cewa hassada ce ta tsofaffin sojoji, ba sa son sabon tunani. Jakunkunan arba'in matarsa ta cire musu zif, ta kafa wasu a bangon kicin tana zuba cokula, sauran ta rarraba wa maƙwabta.

Yanzu gemunsa ya yi fari, ya kuma zana rigar gorar ruwa mai makulli. Da ya kawo takardar, Yaya ta ce idonta ya yi rauni, ba ta ganin zane. Ya naɗe abarsa ya tsallaka titi wurin wani tela, yana cewa dama aikin ya fi ƙarfin mata.