Duwatsun da Genzo Ya Roƙo

Genzo Tsuchiya bai taɓa hawa igiyar ruwa ba, amma duk bakin tekun Chiba, kusa da Tokyo, da wuya a sami wanda ya yi wa masu hawanta hidima kamarsa, ba da son ransa ba.

Busar da ƙananan kifi ce sana'arsa, a filin da ya gada daga ubansa. Da teku ta fara gatsar filin, shi ya yi ta sintiri ofishin hukuma har takalmansa suka san hanya, yana roƙon a jera duwatsu cikin ruwa su tare yashi. Aka jera. Suka kuwa tare shi, amma a ɗaya ɓangaren. Nasa ɓangaren ya koma ba ya samun ko ƙwaya, teku ta ci gaba da ci hankali kwance.

Inda yashin ya taru kuma, igiya ta riƙa karyewa sumul, doguwa. Kafin ka ce me, samarin Tokyo sun cika wurin da allunansu na hawa igiya, suna shanya baƙaƙen rigunan roba a kan shingensa.

"Maigida, kai fa ka gayyato su," in ji matarsa Hatsue. "Sai ka dafa musu shayi."

"Rufe mini baki."

"Na rufe. Je ka rufe na tekun."

Abin da ya fi ci masa rai, ruwan da ke sa su murna shi ke cinye shi. Da an ce guguwa na tafe daga kudu, su sai shewa, shi sai ciko buhuna da yashi.

Wata safiya cikin kaka ya fito ya tarar rumfar shanyar ta rufta, tankunan kifin na yawo cikin kumfa. Yana tsaye sororo wani mutum ya fito daga ruwa, allo a hammata, haƙora duk a waje.

"Baba, ka ga ruwan yau kuwa? Ban taɓa hawa irinsa ba! An ce kai ka tsaya aka zuba duwatsun nan." Ya sunkuya har ƙasa. "Mun gode ƙwarai, Baba."

Genzo ya waiga ya dubi rumfarsa da ta rufta. Amma an sunkuya masa, kuma ba a tashe shi da rashin kunya ba. Ya sunkuya shi ma.