Gurbin Baƙar Marsandi

Duk wanda ya hau mota daga Birnin Gwari zuwa Kaduna a shekarun da hanya ta fi lalacewa ya san Nababa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan mai koɗaɗɗiyar hula, wanda yake tsayawa a bakin tasha da safe yana nuna wa direbobi gurbinsu da yatsa. A lokacin ba a fita ɗaiɗai. Motoci sukan taru a jera su, motar jami'an tsaro ta shige gaba, sannan a kutsa cikin daji gaba ɗaya, kowa yana addu'a a ransa. Wanda ya samu gaba hankalinsa ya ɗan kwanta. Wanda ya faɗa wutsiya kuwa, idonsa na kan madubi har sai ya ga gari. Don haka jera motocin nan ba aikin da ake ba kowa ba ne. Nababa aka ba saboda an yarda da shi, kuma in ka cire yardar nan ba shi da komai a duniya sai ɗaki biyu da awaki uku.

A Randagi aka haife shi. Noma bai karɓe shi ba, shi ma bai matsa masa ba, ya tattara ya tafi Kaduna ya koyi tuƙi. Shekara goma sha tara ya yi yana jan wani ɗan kwangila, kuma a can ya kwaso ciwon da bai taɓa warkewa ba, wato son mota mai kyau. Mutum ne da zai iya wuce abinci bai waiwaya ba, amma ya ji ƙarar lafiyayyen inji sai ya tsaya kamar an kira sunansa. Da maigidan ya rasu, 'ya'yansa suka ce direban Baba ya tsufa. Ya dawo gida da matarsa Furera, ya zama ɗan kamasho a tasha, har aikin jeri ya faɗo hannunsa.

Yana da tsarinsa, kuma ba ya karya shi don kowa. Motar da ta ɗauko marar lafiya ita ce gaba. Mai mata da yara na biye. Wadda injinta ke tari a tsakiya take, don in ta mace a samu na baya su kwashi fasinjanta. Manyan motocin masara su rufe baya. Ba ya faɗin jerin sai ana gab da tashi, ko Furera ba ta taɓa jin sa a bakinsa ba, domin ƙasar ta riga ta cika da zargi. Kowa ya san 'yan daji ba duba suke yi ba, wani ne a cikin gari yake gaya musu wa ya fito, me ya ɗauko. An zargi mai shayi, an zargi mai faci, an zargi mai cajin waya har ya bar garin. Masu hali sun koyi sa tsumma ranar tafiya, direbobi sun daina wanke mota. A tashar nan tsabta ma laifi ce.

To, cikin wannan hali ne wata Laraba da la'asar baƙar Marsandi ta biyo ayarin Kaduna ta shigo tasha, gilasanta baƙi ƙirin, tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. Tashar ta yi tsit. Wani direban Golf mai suna Auta, wanda bakinsa ba ya da birki, ya tofar da yawu ya ce, "Wannan ko ta ɓarawo, ko ta abokin ɓarawo."

Nababa ma abin da ya fara zuwa ransa ke nan. Amma ƙafafunsa ba su yi shawara da shi ba, sai ganinsa aka yi a gindin motar yana zagaya ta, hannu a baya.

Mai motar ya fito, mutum ne ɗan shekara arba'in, ya rusuna ya gaishe shi. Ya ce sunansa Habibullahi, asalinsa ɗan Dogon Dawa ne amma ya daɗe a kudu. Gobe zai koma Kaduna. "Baba, alfarma ɗaya nake nema. Ka sa ni a can baya, bayan kowa."

Abin ya ɗaure wa Nababa kai. Tun da ya fara aikin nan ana roƙonsa gaba, ana yi masa fushi a kan gaba, bai taɓa jin wanda ya roƙi wutsiya ba. Wa zai nemi wutsiya in ba wanda ya san ba za a taɓa shi ba? Ya ƙura wa mutumin ido, ya dubi takalminsa, ya dubi wayoyi biyun da ke hannunsa, ya buɗe baki zai tambaye shi dalili. Sai Habibullahi ya ce, "Na ga kana kallonta, Baba. Ka taɓa ja ne?" Ya miƙo masa makulli.

A nan dattijo ya yi sake. Ya shiga, ya ja ƙofa, ta rufe da wani ɗan sauti mai nauyi, hayaniyar tasha ta ɗauke ɗif. Ƙamshin kujerar fata ya mayar da shi shekara ashirin baya. Ya tayar da ita bai ji ta tashi ba, sai da ya dubi allura. Suka fita suka bi titi zuwa gidan mai na bakin gari, ya saita wani rami da kowace mota ke yi wa ihu, Marsandin ta haɗiye shi ba ta ko girgiza ba. Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce wa Habibullahi wannan ita ce ta tsakiya a gidan Marsandi, kuma ita ce mai hankalin gidan. Ƙaramar ta samari ce, kyau gare ta amma bayanta ba wurin miƙe ƙafa. Babbar ta masu mulki ce, sai an ja ka a ciki, ga ta da tsawo kamar jirgin ruwa. Ita wannan ta ɗauko laushin babbar ta bar mata girman kai, ta ɗauko zafin naman ƙaramar ta bar mata rawar kai. Aibinta ɗaya, cikinta kusa yake da ƙasa, hanyar nan sai an lallaɓa ta. Ya yi bayanin birki, ya yi na sitiyari, ya daɗe a kan shokozoba, abin nan da ke shanye girgizar hanya. Rabin awa suka yi a ciki, gilas a rufe, duk tasha na jiran dawowarsu. Ya fito yana murmushi, ya manta sam bai yi tambayar da ya yi niyya ba.

Washegari da safe motar ta dawo. Habibullahi ya kira shi gefe, ya buɗe ƙofar baya kaɗan. Wata tsohuwa ce kwance a kan kujera an tokare ta da matasai, zani ɗaya a jikinta saboda ba ta iya jure tufafi a ƙugu. Mahaifiyarsa ce, Huraira. Ta faɗi ta karye a ƙugu, mai ɗori ya yi iyakarsa abin ya ƙi. Duk motar da aka gwada sa ta, ihu take tun kafin a bar ƙofar gida, shi ya sa ya zo da wannan. Wutsiya kuwa ya roƙa ne don zai riƙa tafiya a hankali, kuma ya san irin idon da motar ke ja, ba ya son ya jawo wa kowa.

Kunya ta kama Nababa har wuya. Ya ce, "Sannu, Inna." Tsohuwar ta ɗago ido da ƙyar ta ce, "Ɗan nan, don Allah kada ka bari maza su leƙo ni a haka." Ya ce ba wanda zai leƙo. Ya rufe ƙofar da hannunsa.

Da ya zo jeri, ya nuna wa Marsandi gurbin farko, daf da motar jami'an tsaro. Tasha ta ɗauki guna-guni. Auta ya taso. "Malam Nababa, yau kuma da wane tsari muke tafiya?"

"Da na kullum. Akwai marar lafiya a ciki."

"To a sauke gilas mu gani."

"Ba za a sauke ba. Mace ce, uwar wani ce."

"Jiya ba mace a ciki da kuka rufe kanku."

Da Nababa ya kira mace ɗaya daga cikin fasinja ta leƙa, da magana ta mutu a wurin. Abin bai zo masa ba. Ransa ne ya ɓaci, wai shi za a ce a bincika, shi da ya jera su shekara da shekaru ba a taɓa kama shi da ko ƙwayar ƙarya ba. Ya ce wanda bai yarda ba ya kwana a tasha. Enoch, wani direban bas da shi da Nababa suka fi shekara goma suna cin ƙosai a faranti ɗaya, ya ja Auta gefe ya ce ya bar dattijo. Aka tashi.

Ayarin ya isa Kaduna lafiya lau, ko taya ba ta yi faci ba. A wani gari da sai a ce alhamdu lillahi a wuce. A nan kuwa lafiyar ce ta zama abin magana. Mota irin wannan ta ratsa dajin nan zuwa da komawa, tana ƙyalli kamar madubi, ba wanda ya ko yi mata tari? Ranar Asabar kuma aka tare wutsiyar wani ayari da babu komai cikinsa sai kwaraɓaɓɓun motoci da talakawa, aka shige daji da mutum huɗu daga bas ɗin Enoch. Shi Enoch da ƙyar ya sha, ya dawo ba takalmi.

Daga ranar magana ta daina ɓuya. Aka ce motar mutanen 'yan daji ce shi ya sa aka bar ta ta wuce. Aka ce rabin awar nan jerin sati guda aka karanta a cikinta. Wani ya rantse ya ga an miƙa wa dattijo abu, kuma gaskiya ne an miƙa masa, makulli ne. Nababa ya nemi wanda zai shaida, sai ya tuna ko lambar wayar Habibullahi bai karɓa ba. Ya tambayi mutanen Dogon Dawa da ke zaune a gari. Wasu suka ce kamar sun san wata Huraira, wasu suka ce ba su taɓa ji ba, kuma ya ga a idonsu ko sun sani ba za su sa kansu a ciki ba. Har shi kansa ya fara kokwanto. Tsohuwar dai ya gan ta da idonsa. Amma wayoyi biyun nan fa? Me ya sa aka yi saurin ba shi makulli daidai lokacin da zai yi tambaya? Ya juya abin ya juya, bai samu inda zai tsaya ba.

Ba wanda ya kore shi. Ranar Litinin ya fito kamar kullum, ya tarar an riga an jera motoci, Auta na tsaye a inda yake tsayawa. Ya nufi bencin mai ƙosai, mutum uku da ke hira suka yi shiru. Enoch na cikinsu. Ya amsa gaisuwa da ladabi, ya tambayi Furera, ya tambayi awaki, sannan ya ce bari ya duba ruwan mota, ya tashi. Wannan ladabin ya fi zagin Auta yi wa Nababa ciwo.

Ya koma gida tun hantsi bai yi zafi ba. Furera na tsakar gida tana tsince wake. Ba ta tambaye shi me ya dawo da shi ba, matan unguwa sun riga sun kawo mata. Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta koma kan wakenta. Can, ba tare da ta ɗago ba, ta ce, "Malam, ni dai ba wani abu nake nufi ba. Amma tsakaninka da Allah, me kuka tattauna a cikin motar nan?"

Ya dube ta. Shekara talatin da ɗaya suna tare. Ya ce, "Maganar shokozoba muka yi."

Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsince wake.