Tsagar Gobir da Sarkin Norway

Ina cikin naɗe zannuwan gado a asibitin da nake aiki aka ce ana kirana a waya daga makarantar 'yata. 'Yar fari ce, don haka ba za ku ji sunanta a bakina ba, mu can gida ko hannun ɗan fari ba a riƙewa a gaban mutane. Lokacin shekararta goma sha ɗaya, muna zaune a unguwar Parkchester a Amurka, farkon shekarun casa'in.

Malamarsu ce. Ta ce an sa kowane yaro ya rubuto asalin gidansu, ranar Juma'a ta sama kuma kowa zai zo da babba ɗaya daga danginsa. 'Yata ta kawo nata, ya yi kyau ƙwarai, amma tana so ta tabbatar: da gaske ne mu jikokin wani sarkin Norway ne?

Na ce, "Sarkin ina?"

Ta maimaita. Oh ni! Ni da aka haifa a wani ƙauye bayan Tibiri, baƙa wuluk, ga tsagar Gobir tun daga gefen baki har kunne, babanta kuma direban ofishin jakadanci, mutumin Maraɗi. Ta ina Norway ta shigo mana? Na ce wa malama zan bincika, na ajiye waya.

Ban sha wahalar gano bakin zaren ba. A ƙasan ɗakinmu akwai wata tsohuwa Baturiya, mijinta ya rasu, ba ta da kowa. Wurinta yarinyar take zama bayan makaranta kafin in dawo. Kakanninta daga Norway suka zo, kuma ba ta da aiki sai neman asali. Tana da wata doguwar takarda da take warwarewa a kan teburin cin abinci, ta danne gefunan da kofuna, sunaye reshe bisa reshe, can a ƙololuwa ga sarki da ɗan kambinsa da ta zana da jan biro. Wannan ce 'yata ta kwafe tsaf, ta liƙa sunanta a ƙasa.

Da yamma na tsare ta a kicin. Ni ina Hausa, ita tana mayar mini da Turanci, haka muke. Na ce, "Ke, yaushe kika zama jikar sarkin Turawa ban sani ba? In ji a ba mu gadonmu mana!" Ba ta yi dariya ba. Ta ce ai mu ba mu da komai a rubuce. Na ce to ranar Juma'ar wa za ki kai? Ta ce tsohuwa. Na ce ni fa? Ta sunkuyar da kai tana murza bakin rigarta, can ta ce, tun ranar da na taɓa zuwa ɗaukarta 'yan ajinsu suke cewa damisa ce ta yakushe uwarta.

Wallahi maganar nan ta soke ni. Ba wai ban saba da kallo ba ne, tun zuwana garin nan ake ƙura mini ido a jirgin ƙasa, shi ya sa kullum sai na laɓta hoda kafin in fita. Amma kallon bare daban, a ce 'yar cikinka ce take ɓoye ka daban. Babanta ya taso da faɗa, yana cewa kayan aro ba ya rufe katara. Na ce, "Malam, bar ni da ita."

Na sauka wurin tsohuwa da fushina, na zaci da saninta. Ashe ba ta san komai ba. Da na gaya mata, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta jawo ni gaban takardar, ta bi sunayen da yatsa: wannan masunci, wannan masunci, wannan ma masunci. Can sama ta nuna wani wuri ta ce a nan littattafan cocin ƙauyensu suka ƙare, daga nan zuwa sarkin zato ne kawai, amma ita ta yarda da shi, don yana ɗebe mata kewa. Sai ta ce ta daɗe tana son tambayata abin da ke kumatuna, kunya ce ta hana. Na ce wanzami ne ya yi mini da aska ina jaririya, kamar yadda aka yi wa ubana da uban ubana, don duk inda na shiga a duniya a san ko 'yar wace ƙasa ce. Ta ce ita rabin rayuwarta ta ƙare tana aika wasiƙu don neman abin da ni nake rufewa da hoda.

Ranar Asabar na wanke fuskata tas, ban shafa komai ba sai mai. Na ce wa yarinyar ta sa takalmi. Muka hau jirgi mai lamba shida zuwa unguwar Harlem, muka sauka titi na 125, inda mutanenmu suke baza kaya a bakin hanya. Tana tafe tana ja da baya, wai kar a ce tare muke.

Ba mu yi nisa ba wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, wadda ban taɓa gani ba, ta ƙwalla kira da Hausarta ta Sabon Gari: "Kai, ga baiwata! Yaushe kika gudo Amurka ban ba ki izini ba?" Na ce, "Ji mini mata! Ke da uwargijiyarki ta zo ko ki miƙe ki gaishe ta? Ko manja ne ya toshe miki ido?" Muka yi ta yi, mutane suna dariya. 'Yata ta matso a tsorace, ta zaci faɗa ne. Na ce mata wasa ne, tsakanin Gobirawa da Yarbawa haka aka gada, ko a ina aka haɗu. Matar ta ɗauko ɗankwali ta ɗaura mata, ta ce 'yar baiwarta ai tata ce.

Gaba kaɗan wani dattijo mai huluna da turare ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Gobir gidan faɗa! Ɗiyar wane gari?" Na faɗa masa. Ya tambayi gidanmu, na faɗa. Sai ya dafe ƙirji ya ce, "Allahu akbar! Jikar mai ginar rijiya ce ke? Rijiyar bakin kasuwarku ai na sha ruwanta, ina yaro muna kai shanu." Na ji idona ya ciko, na kau da kai.

A jirgi muna komawa ta zauna kusa da ni. Ta ce yaya aka yi suka san ni? Na nuna kumatuna. Ta ce to kakan nan nawa sarki ne? Ƙarya ta zo mini har baki, don da na ce e da ta yarda. Na ce, "A'a. Rijiya yake ginawa. Ya rasu tun ban yi wayo ba, amma kin ji da kunnenki, har yau ana shan ruwansa." Har muka iso gida ban sake tayar da zancen Juma'a ba. Na riga na ƙudurta ba zan roƙi 'yata ta nuna ni ba.

Ranar Juma'a da safe ina gaban madubi ina shirin aiki, na buɗe gwangwanin hoda kamar kullum. Sai na gan ta a bakin ƙofa da ɗankwalin Bayarabiya a ka, an ɗaura shi a karkace. Ta buɗe baki da Hausa, Hausar nan tata mai tuntuɓe: "Mama, kar ki shafa. Ki zo haka."

Na buga waya asibiti na ce yau ba su gan ni ba.

Tsohuwa ma ta bi mu, ta zauna a bayan aji da takardarta a naɗe, 'yata ta gaya wa kowa cewa sarkin na maƙwabciyarmu ne, ta mayar mata da abinta. Sannan ta kira ni gaba. Wani ɗan jan kai ya ɗaga hannu ya ce damisar fa? 'Yata ta ce ba damisa ba ce, tsagar Gobir ce, kuma kakan uwarta ya gina rijiyar da har a Harlem an san ta. Na tsaya ƙyam, kaina a sama, suka kalla har suka ƙoshi.

Da muka fito, a tsakiyar titi, ga iyayen yara ga 'yan ajinsu, ta kama hannuna. Na so in zame, 'yar fari ce, da uwata tana nan da ta ce na zubar da kunya. Na bar mata hannun har gida.