Matar da Katin Wutarta Ba Ya Ƙarewa

Tana gabana a layin sayen katin wuta, doguwa, siririya, takalminta ya sha ɗinki amma fes yake. Mai shagon yana washe mata baki.

"Mama, kin ɓuya!"

"Wancan katin ne ya ƙi ƙarewa, ɗana."

Maganar ta tsaya mini a wuya. Ni tsabar zarya, har mai shagon ya haddace lambar mitata.

Tana jiran rasit, sai ta miƙa hannu ta kashe ƙwan fitilar shagon da ke ci da rana tsaka, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na tabbata a gidanta gyaran murya kawai take yi, yara su ruga su kashe komai. Ni kuwa yanzu haka fankata na can tana yi wa kujeru fifita.