Ƙanƙarar da Saratu Ta Binne a Toka

Hayaƙin ne ya fara ɗaukar mini ido. Ranar jajiberin Kirsimeti Kawu Bulus ya sauko daga babur a ƙofar gidanmu, ya kwance buhu, ya share garin katako da hannu, sai ga wani farin dutse mai sheƙi wanda ake hango yatsunsa ta ciki. Dutsen yana hayaƙi, amma babu wuta. Na taɓa, na janye hannu da ihu, na rasa gane ko ƙona ni ya yi ko cizo.

Ƙanƙara ce ya sayo a Kafanchan don sanyaya lemon biki. Ƙauyenmu yana bayan Fadan Kagoma, babu lantarki, kuma ƙanƙarar da muka sani ita ce 'yar mitsitsiyar da ke zubowa tare da ruwan farko. Kaka ta fito daga ɗaki, ta daɗe tana kallo.

"Ashe zan gan ki da idona," ta ce. "Yara, akwai ƙasar da kogi ɗungum yake zama haka, mutane su taka su haye."

A ƙuruciyarta Kaka ta yi wanki a wani ƙaramin asibitin mishan, wajen wata baturiya mai ba da magani wadda ta fito daga can ƙarshen arewacin duniya. Idan kewar gida ta kama baturiyar, sai ta zaunar da Kaka ta ba ta tatsuniyoyin ƙasarsu da Hausarta mai karkata. Shi ya sa duk tatsuniyoyin Kaka da yarenmu take yi, ban da waɗannan. Su da Hausa suke fitowa. Takan ce da wannan rigar suka zo mata, ba za ta tuɓe musu ba.

A shekarar akwai Saratu a gidanmu, 'yar ƙanwar Babana. An kawo ta bayan an tone citta, lokacin da aka kwantar da mamanta a asibiti mai nisa saboda ciwon ƙirji. Saratu ta ɗauki alkawari da kanta cewa ba za ta ci tuwo ba sai mamanta ta dawo. Kunu kaɗan take kurɓa, ta koma gindin mangwaron ƙofar gida ta zuba wa hanya ido. Mama ta lallasa, matar fasto ta zo ta yi addu'a, duk a banza. Awarwaron hannunta har ya fara zamewa yana faɗuwa.

Da Kawu ya fasa mana ɗan guntu kowa, mu muka tsotse namu muna tsalle. Saratu ta ɓoye nata. A gidanmu kowane yaro ya san abu ɗaya: abin da kake so ya kai gobe, toka ake rufa masa. Kullum bayan tuwo muna ganin Kaka tana tara garwashi ta lulluɓe shi, da safe a tone a same shi ja. To, Saratu ta tone murhu, ta kwantar da ƙanƙararta kusa da garwashin, ta rufe su tare.

Safiyar Kirsimeti Mama ta durƙusa za ta hura wuta, ta tarar da taɓo mai sanyi.

"Wane ɗan banza ya zuba mini ruwa a murhu? Yau ɗin? Shinkafa ko ɗorawa ban yi ba!"

Saratu ta rugo, ta sa hannu biyu cikin jiƙaƙƙiyar toka tana tono.

"Na ajiye wa Mamana ne," ta ce tana hawaye. "Ba ta taɓa gani ba."

Kawu Bulus ya fara dariya, Kaka ta harare shi, ya haɗiye. Ta ɗauko fasasshen kasko ta miƙa wa yarinyar.

"Share idonki, uwata. Je ki gidan Mama Yohanna ki ɗebo mana wuta. Ki kare ta da hannu, kar iska ta ci."

Da yamma, bayan an dawo daga coci an gama waƙoƙi da rawa, muka zagaye wutar da Saratu ta ɗebo. Kaka ta miƙe ƙafafunta, ta juya harshe zuwa Hausa, nan take muka yi tsit.

"Ga ta nan tafe daga inda rana ke ɓuya."

"Ta shigo ta ji ɗumi," muka amsa.

Ta ce a ƙasar nan rana takan tafi ta yi watanni ba ta leƙo ba. Tsakar rana duhu, kamar an kife wa duniya tukunya. Ƙasa duk fari ne kamar an baza garin acha, itatuwa su yi shiru, sama kuma wani haske kore ya riƙa kaɗawa kamar zanen da aka shanya. Akwai wata yarinya a bukkar ƙarshen gari da ta yi fushi da tafiyar rana. Ta ce ba za ta hura wuta ba, ba za ta ci komai ba, sai rana ta dawo ta ga abin da ta yi mata. Ta fita ta taka kogin da ya zama dutse, tana tafiya tana kiran rana, kifaye suna kallon tafin ƙafarta daga ƙasa.

Na tuna yadda na naɗe ƙafafuna a wurin nan. Har yau idan na rufe ido ina ganin kifayen.

Da ƙarfinta ya ƙare, sai ga wata tsohuwar barewa mai ƙaho kamar rassan bishiya. Kaka ta sauya murya, ta yi ƙasa-ƙasa da ita.

"Ke yarinya, kin san yadda rana ke gane hanyar gida? Ba ta jin kira, ta yi nisa. Hayaƙi take bi. Tana tsayawa bayan dutse ta leƙo, ta duba gidan da aka ɗora tukunya. In ta ga babu hayaƙi, sai ta ce mutanen nan sun ƙare, wa zan je wa?"

Barewar ta goya yarinyar ta mai da ita gida. Yarinyar ta roƙi wuta a maƙwabta, ta ɗora tukunya, ta ci, kashegari ta sake ci. Wata safiya bakin dutse ya yi ja kamar garwashi, garin duka suka fito suna kuka da dariya.

"Nan tatsuniya ta juya ta koma ƙasarsu, sanyi na jiranta," Kaka ta rufe.

Can Saratu ta ce, "Kaka, daga asibiti ana ganin hayaƙin gidan nan?"

Kaka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta jawo kwanon tuwon acha ta ajiye tsakaninsu. "Daga yau murhun nan naki ne. Amma mai riƙon wuta ba ta zama da yunwa."

Saratu ta kai loma ɗaya, ta kai ta biyu. Na ga Mama ta juya baya tana goge fuska da bakin zane.

Mamanta ba ta dawo ba. Ta rasu da farkon damina. Da na girma na shiga karanta littattafan soyayyar da ake bazawa a kasuwa, inda duk mai jira yake samun wanda yake jira, na daɗe ina jin haushin tatsuniyar nan. Sai da na haifi nawa na gane cewa Kaka ta riga ta san abin da likita ya faɗa wa manya. Ba ta yi wa yarinyar alkawarin komai ba. Uwar ta fi ƙarfinta, sai ta kama 'yar da hannu biyu.

Saratu ta yi karatun jinya, aiki ya kai ta har ƙasar nan ta ƙarshen arewa. Bara, bayan sabuwar shekara, ta kira ni ta bidiyo ina tsaka da tsinke alayyaho a gidana a Kafanchan. Na gan ta cikin ƙatuwar riga a kan wani tudu, hayaƙi na fita daga bakinta, mutane cike a bayanta. Ta juya wayar. Bakin dutse ya yi ja kamar garwashi.

"Hannatu, kin gani? Ta dawo. Kaka ba ta ƙara ko gishiri ba."

Muka yi ta kallo tare, har ta ja hanci ta yi dariya.

"Bari in sauka, 'yar'uwa. Na bar tukunya a wuta."