Farar Kat-kat ta Ya'u Mai Kanwa

A unguwar Yakité ta birnin Bangui aka haifi Ya'u, a gidan da ubansa ya gina da ya zo daga Maraɗi da fataucin ƙiraga. Bai gaji fata ba. Kanwa yake sayarwa da gishirin shanu da maganin dabbobi a wani ɗan shago a Kasuwar Kilomita Biyar, kuma yawancin masu sayen kayansa Fulanin daji ne, waɗanda ba sa shigowa Bangui sai dole. Shekara goma sha huɗu yana kai musu kaya a kan ɗan babur mobilet, buhu ɗaya a baya, ɗaya tsakanin ƙafafu, har bayansa ya fara sunkuyawa tun bai cika arba'in da biyar ba. Mutum ne marar surutu. Abu guda ke sa shi zuba, kifi. Ɗan kasuwa a Kilomita Biyar da ke rufe shago ran Asabar ya tafi bakin kogin Mbali da ƙugiya da tabarma da gidan sauro, ya kwana can shi da sauro da kwaɗi, ai dole a yi masa kallon wanda kansa ba daidai ba. Haka kuwa aka yi ta yi masa, bai damu ba.

Farkon shekarar 1996 ya ce ya gaji da mobilet, mota zai saya. Ya tafi garajin Ɗantala, abokinsa tun na makarantar allo, wanda ke kawo tsofaffin motoci daga Duwala. Matarsa Hureira, uwar 'yarsu Jamila, ta ce sai ta bi shi, don ta san halin mijinta: in ya ga abin da ransa ke so, kunnensa toshewa yake.

Akori-kura uku ne a garajin. Akwai wata shuɗiya, irin mai tamfol a baya da 'yan gari ke cewa bashe, ta tsufa, fentinta ya ƙoƙe, cikinta kusa da ƙasa. Akwai wata 'yar ƙarama ja, wadda ba ta wuce ɗaukar burodi ba. Sai ta ukun, fara sol, doguwa, mai ƙofa huɗu, kat-kat ce, wato mai ja da ƙafafunta duka huɗu. Ya'u ya zagaya ta sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya tashi yana kaɗe gwiwa.

"Abu uku nake so a wurin mota," in ji shi. "Kullum ta kai ni kasuwa ta dawo da ni. Ran Asabar ta ɗauki Hureira da Jamila da tukunya mu tafi bakin ruwa. In damina ta yi, ta shiga ruga ba sai na roƙi Fulani su turo ni ba."

"Wa ya ce maka zan je in kwana da kwaɗi?" in ji Hureira.

Ɗantala ya yi dariya, sannan ya ja Ya'u gefe. Mai sayar da mota ne, farar ta fi tsada, amma ga abin da ya faɗa: "Ɗauki shuɗiyar. Ka ga sojan ƙasar nan wata nawa ba a biya su ba? Soja mai yunwa in ya fito, ba ya kallon tsohuwar bashe. Irin wannan farar yake nema, wadda zai ɗora bindiga a bayanta. A garin nan motar kirki ita ce wadda ba mai juyowa ya sake kallonta."

"Shuɗiyar za ta haura gangaren rugar Arɗo a watan Agusta?"

"Ba za ta haura ba."

"To, ka ba kanka amsa."

Hureira ta ce, "Baban Jamila, mai abu ya ce kada ka saya, kai kana cewa sai ka saya. Wannan wane irin ciniki ne?"

Ya saya. Kuma gaskiya ɗaya ce, wata uku ya ji daɗin motar nan. Hureira da ta rantse ba za ta je ba, sau huɗu tana zuwa, tana soya kifi a bakin ruwa tana zagin sauro, 'yarsu Jamila tana tsalle a bayan mota. Kanwar da yake kaiwa cikin sati uku ya koma kai ta rana ɗaya. Kowace safiya kafin ya ci komai sai ya goge gilashi da tsohon rawani.

A watan Afrilu sojoji suka yi bore na 'yan kwanaki, suka harba sama, suka ƙwace motoci, aka lallashe su suka koma bariki. Mutanen Kilomita Biyar suka koyi darasi. Da aka sake jin harbi a watan Mayu, wanda ya fi na farko muni, kafin azahar duk mai mota a unguwa ya shigar da ita gida, ya kwance tayoyi, ya ɗora ta a kan bulo, ya cire batir. Soja ba ya da haƙurin neman taya; in ya leƙo ya ga mota gurguwa, gaba yake yi. Ya'u ma ya yi haka. Tayoyin ya jera a ɗakin Hureira ƙarƙashin gado, batir kuma ya sa a cikin buhun gawayi.

Rana ta uku da safe, Malam Audi tela ya fita ɗibar ruwa a rijiyar bayan gidansa, harsashi ya faɗo daga inda Allah kaɗai ya sani, ya shiga ta wuyansa. Tsoho ne da bai taɓa faɗa da ko kaza ba. Aka yi masa wanka, aka yi masa sutura, aka sallace shi a ƙofar gida cikin sauri, sai maganar kai shi ta taso. Maƙabarta tana can wajen filin jirgi, babban titi kuwa duk shingen soja ne. Sai dai a bi ta bayan gari, ta gonakin rogo da fadama, ga ruwa an kwana biyu ana yi. Gawa kuma ba ta jiran a gama bore.

A layin nan kaɗai gida huɗu ke da mota. Alhaji Abdulsamad, mai babban sito na sukari da fulawa da atamfa a bakin kasuwa, yana da uku, ɗaya ma kat-kat ce sabuwa. Da aka dube shi sai ya dubi ƙasa ya ce batir ɗinta ya mutu tun makon jiya. Na biyu ya ce direbansa ya tafi da makulli. Na uku ya ce tasa ba ta iya laka. Manyan mutane da gemu da carbi, a gaban gawa, suna shirga ƙarya ko kunya babu! Sai duk idanu suka koma kan Ya'u.

"Malam Ya'u," in ji Alhaji Abdulsamad, "ai taka aka yi domin irin wannan hanya. Kullum kana ba mu labarin yadda take keta fadama. Ga lada Allah ya kawo maka har gida."

Ya'u ya shiga gida ya fara jawo tayoyi daga ƙarƙashin gado. Hureira ta tsaya a bakin ƙofa.

"Su nasu batir ya mutu, naka ne mai rai?"

"Malam Audi ne fa, Hureira. Shi ya ɗinka mini rigar aure."

"Na sani. Ka ce man gazuwal ya ƙare. Ƙarya ɗaya cikin huɗu, wa zai gane taka?"

"A bar shi ya kumbura a zaure?"

Ita ta ɗauko masa batir ɗin daga buhun gawayi, ta goge shi da gefen zaninta.

Motar ta yi abin da aka saye ta dominsa. Da gawa da mutum shida a baya ta ratsa gonakin rogo, ta shiga laka har ƙofa ta fito. Suka binne Malam Audi kafin la'asar. A hanyar dawowa, daidai inda turbar gona ta haɗu da titi, sojoji biyar suka fito daga bayan wata rumfa. Babbansu saje ne, gajere, idanunsa jajur, yana saye da takalmin soja a ƙafa ɗaya, silifa a ɗaya. Ya shafa gaban motar kamar mai taya saniya.

Da yaren Sango ya yi magana, ya kira shi Arabo, yadda suke kiran Musulmi. "Arabo, sauka. Bar makulli a jiki. Ku tafi gida da ƙafa, ban taɓa kowa ba."

Mutum shidan nan tuni sun diro. Hanya a buɗe take, ba wanda ya hana Ya'u bin su. Ya riƙe sitiyari. Ya ga abin da suka yi wa motocin da suka ƙwace a watan Afrilu: kwana biyu suke kashe mota, su bar ta a kwalbati ba inji ba kujera. Ya tuna shekara goma sha huɗu a kan mobilet.

"Shef," ya ce, "motar nan tana da hali. Ba ta jin hannun kowa sai nawa. In kuna son ta, ni zan tuƙa ku."

Sajen ya yi dariya, ya zagayo ya zauna a gefensa. Mutum shida sun ji maganar nan da kunnensu, kuma kafin magariba duk Yakité ta ji.

Kwana shida yana tuƙa su. Ya ɗauki firji da katifu da akwatunan giya da injin ɗinki. Ya ɗauki wani soja da hanjinsa ke waje, ya mutu a kujerar da Jamila ke zama. Abincinsa busasshen burodi, sallarsa a zaune a kan sitiyari. Duk lokacin da suka yi lodin da ya wuce kima sai ya roƙe su su rage, suna dariya suna cewa Arabo ya fi tausayin ƙarfe a kan kansa. A rana ta huɗu sajen ya ce a nufi Kilomita Biyar. Ya'u ya ce, "Shef, unguwarmu ce." Sajen ya ɗora bakin bindiga a haƙarƙarinsa, ƙasa da taga, inda na waje ba zai gani ba, ya ce shi ya sa ya san hanya.

Da rana tsaka suka fasa siton Alhaji Abdulsamad. Sawu uku aka yi. Mutane suna leƙe ta ramin ƙofa da saman katanga, abin da suka gani kuwa farar mota ce da kowa ya sani, da fuskar Ya'u a taga.

Da aka sasanta sojoji suka fara komawa bariki, gazuwal ya ƙare musu a wani shataletale. Sajen ya sauka, ya tofa yawu, ya tafi da rediyon motar a hammata. Ya'u ya samu masu tura amalanke suka taya shi turo ta har gida. Gilashin baya ya fashe, ƙofa ɗaya ba ta rufuwa, bayanta duk sukari da jini sun daskare. Amma inji lafiya lau. Ya tsirar da motarsa.

Hureira ta ɗora masa ruwan zafi. Bayan ita ba wanda ya shigo yi masa barka.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Sajen da ya fasa sito ba wanda ya san sunansa, kuma ko an sani wa zai je bariki ya tambaye shi? Ya'u kuwa ga shi nan a layi, ba bindiga. Ran Juma'a bayan an idar, ya miƙa wa Alhaji Abdulsamad hannu, Alhaji ya mayar da nasa cikin riga.

"Alhaji, bindiga ce a haƙarƙarina."

"Ni ban ga bindiga ba. An ce ka sauka ka tafi gida, ka ce kai za ka tuƙa. Ko ƙarya shaidu shida suke yi?"

"Ba ƙarya suke ba."

"To wa ya nuna musu sitona?"

"Siton da sunanka ke rubuce a ƙofarsa da jan fenti?"

"Ku ji shi! Har da baki."

Ba wanda ya tambayi Alhaji yadda batir ɗin kat-kat ɗinsa ya tashi daga matattu ranar da aka buɗe hanya. Ɗantala kaɗai ya buɗe baki ya ce a ji tsoron Allah, aka ce ai dole ya faɗa, abokin ɓarawo. Daga nan manyan 'yan kasuwa suka daina ba Ya'u kanwa. Aka daina aiko masa goron suna. Mata suka riƙa tambayar Hureira a bakin famfo ko akwai ragowar atamfa ta sayarwa. Jamila ta dawo daga islamiyya tana kuka, an ce mata 'yar direban turugu, wato soja. Wani dattijo ya ba shi shawara ya sayar da motar ya ba Alhaji kuɗin, a yafe masa. A yafe masa me?

Bai sayar ba. Ya daure wata huɗu, shago a buɗe ba mai tsayawa. Fulaninsa su ba ruwansu, da ma ba su san Alhaji ba, suka ce ya matso kusa da su. A ƙarshen damina ya kama ɗaki biyu a Kilomita Goma Sha Biyu, kusa da kasuwar shanu, ya sa gidan ubansa a hannun ɗan haya.

Ranar tashi da hantsi suka yi lodi, shi da Hureira, layi cike da mutane a kan benci ba wanda ya kama musu ko ƙafar gado. Sun gama ɗaure kaya ke nan sai ga Ummuhani, matar marigayi Malam Audi, wadda ba ta daɗe da fita takaba ba, ta ratso ta gaban mazan nan da ƙullin dambun nama a hannu. Ta miƙa wa Hureira, sannan ta juyo wurin Ya'u.

"Malam Ya'u, har yau ban san inda aka sa shi ba. Ba wanda ya gaya mini ta wane gefe yake."

"Gefen gabas ne, Inna, kusa da wani mangwaro. Na kafa ƙarfe a wurin kansa."

"To. Allah ya kai ku lafiya."

Ya tada mota. Ƙofar da ba ta rufuwa ita ce ta gefen Hureira, haka ta riƙe ta da hannu biyu har suka fita daga Yakité.